Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohuwar A-kori-kura A Sanya Mata Na'urar Sanyaya Ta Zamani

Duk lokacin da zafin bazara ya kankama, tambaya ɗaya ce masu karatu daga Birnin Kebbi da Jega da Yawuri suke ta maimaitawa: mutum yana da tsohuwar a-kori-kura, wata ta gado ce, wata kuma an daɗe da jingine ta a ƙarƙashin darbejiya, yaya zai yi ya mayar da ita kan hanya har ya sanya mata na'urar sanyaya, wadda kanikawa ke kira esi? Galibin motocin Peugeot 504 ne irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, sai tsofaffin Toyota Hilux da Datsun. Aikin yana yiwuwa a garejin gida, kuma motar ta cancanci a kashe mata kuɗin, amma da sharaɗin a bi matakan bi da bi. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, na'urar sanyaya kaya ce da ake ɗora wa inji da lagireto da batir, don haka sai an gyara waɗannan ukun kafin a zo kanta.

1. Binciken shasi da takardu

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka kai motar a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, sannan a hau da ita kan rami. Ka ɗauki sukudireba da ƙaramar guduma ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin na baya ya kama, da ƙarƙashin mazaunin batir, da ƙasan da direba ke taka ƙafa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji ya yi shiru, wani lokaci ma bakin sukudireban ya huda shi. A-kori-kurar da ta yi shekaru tana dakon takin zamani zuwa fadama ko buhunan albasa daga Aliero tana yawan ruɓewa a ƙasan bodi, domin taki yana cin ƙarfe, laka kuma tana riƙe danshi a lungunan da ido ba ya kaiwa.

Gargaɗi: idan shasin ya karye an yi masa walda a wuri fiye da ɗaya, ko kuma ya karkace har motar tana tafiya a kaikaice, ka dakata. Ya fi sauƙi ka nemi wata motar ka mayar da wannan ta cire kaya.

Ka kuma gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardun mota. Idan kana da niyyar sauya inji ko launin fenti, ka sani cewa sai an gyara bayanin a ofishin rajistar motoci.

2. Lissafin kuɗi da sayen kaya

Ka raba takardar lissafinka gida biyar: inji da sanyaya shi, birki da ƙafafu, walda da fenti, wayoyi, sai na'urar sanyaya. Farashin kayan mota yana bin dala, saboda haka ka tambayi aƙalla shago uku a rana ɗaya kafin ka biya, kuma ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don abin da zai ɓullo bayan an buɗe inji, domin tabbas zai ɓullo. Abin da ba a samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna.

Akwai kayan da na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, suke da kyau: altaneta, fanka mai lantarki, kujeru, giyabos. Akwai kuma waɗanda ba a sayen na hannu ko da kyauta aka bayar: tiyon birki, tayoyi, robobin hatimi, tiyon gas, da diraya, wato matatar da ke tsotse danshi a na'urar sanyaya. A cikin kayan esi kwamfireso, wato famfon da ke matse gas yana zagaya da shi, shi ne ya fi tsada, kuma a kansa aka fi yin jabu. Game da kuɗin aiki, ka yi ciniki da kowane mai sana'a a kan mataki ɗaya, ka biya rabi a fara, sauran idan an gama an gwada a gabanka.

3. Kwance mota

A cire batir tukuna. Ka ɗauki hoton kowane lungu da wayarka kafin a taɓa shi, musamman bayan dashbod da mahaɗar wayoyi. Kowane rukunin noti a zuba shi a leda ɗaya a rubuta masa suna. Motar da aka kwance aka zuba notinta a bokiti ɗaya tana iya shekara a gareji.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko kututture mai ƙwari.

4. Inji

A fara da gwajin matsi na kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma injin ba ya fitar da shuɗin hayaƙi, to ba sai an buɗe shi ba. A sauya baƙin mai da matatarsa, da fulogi, da bel, a wanke kafireto da tankin mai. Idan matsin ya faɗi, sai a buɗe a sauya rin da gaskit, a wasa bawul. Dalilin wannan nacin shi ne kwamfireso yana cin ƙarfin doki uku zuwa biyar daga inji, kuma injin da ya riga ya gaji zai riƙa mutuwa a duk inda aka tsaya.

Ga masu Peugeot 504 akwai abin lura na musamman. Kan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwasa shi, don haka idan an cire shi a kai a auna shimfiɗarsa. Silindojin kuma irin waɗanda ake zarewa ne, ruwa yana zagaye su kai tsaye. Idan an ɗage kan inji, kada a juya kiranshaf sai an danne su, in ba haka ba za su motsa, hatiminsu na ƙasa ya lalace, ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai.

Gyara na zamani da ya fi biyan kuɗinsa a nan shi ne sauya tsohon kwantak na distiribito da na lantarki. Mota za ta riƙa tashi da wuri da safe, kuma an huta da saitin kwantak kowane 'yan watanni.

5. Lagireto da fanka

Wannan matakin ne ke raba aikin da zai ɗore da wanda zai ƙare a bakin titi tsakanin Kalgo da Jega da bonet a buɗe. Kwandensar na'urar sanyaya, wadda ke fitar da zafin gas waje, a gaban lagireto ake kafa ta, ma'ana iskar da za ta isa lagireton ta riga ta ɗauki zafi. Lagireton da yake ta maneji tun kafin a sanya esi ba zai iya ɗaukar wannan ƙarin ba.

A cire shi a kai wa mai gyaran lagireto ya buɗe tankunansa ya zura sanda a kowane bututu. Idan bututun da suka toshe suna da yawa, a sauya cikinsa da mai layi uku, ko a sayi sabo na alminiyam wanda ya fi tsohon girma in dai wurin zai ɗauka. A sauya famfon ruwa, da dukkan tiyon roba, da murfin lagireto, domin murfin da robarsa ta mutu yana sa ruwa ya tafasa da wuri. A wanke cikin inji har ruwan da ke fitowa ya daina ja.

Abu biyu ne nake roƙon mai mota ya tsaya a kansu. Na farko, tamostat. Kanikawa da yawa suna cire shi su jefar da zarar mota ta fara zafi, alhali shi ne ke sa inji ya kai zafin da ya dace ya kuma tsaya a nan. Ka ce wa makanikenka, "Malam, a bar shi, in ya lalace a sa sabo." Na biyu, ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na famfo suna barin ƙanzo da tsatsa a ciki. A yi amfani da ruwan lagireto na galan mai launi, wanda ke ɗauke da maganin tsatsa.

Daga nan sai fanka. A bar ta inji idan lafiyarta ƙalau, a yi mata shinge da zai sa ta jawo iska ta cikin lagireto kaɗai, sannan a ƙara fanka mai lantarki a gaban kwandensa wadda za ta tashi duk lokacin da kwamfireso ya kama. A duba cewa iskar tana tafiya ne daga gaban mota zuwa inji. Ka riƙe takarda a gaban fankar: idan ta manne, daidai ne, idan ta ture ta, an juya wayoyin.

6. Birki, sifirin da tayoyi

A sauya tiyon birki na roba gaba ɗaya, da robobin masta, da takalman birki, a zubar da tsohon man birki a sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin. A kwance sifirin na baya a sauya ganyen da ya karye da robobinsa, a sa sababbin shoka. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta daɗe tana fashewa a kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba.

7. Wayoyi da altaneta

Wayar da ta yi shekara talatin ko arba'in robarta ta bushe, kuma an yi mata faci da salatif ba adadi. Idan ka lanƙwasa waya robar ta tsage, a zare duka a yi sabuwar shimfiɗa da akwatin fiyus na zamani. Tsofaffin altaneta ba su da ƙarfin ɗaukar bulowa da fanka da kulocin kwamfireso da fitilu a lokaci ɗaya, saboda haka a nemi mai bayar da amfiya 80 zuwa 100, a kuma ƙara kaurin wayar da ta tashi daga ita zuwa batir. Idan inji yana aiki an kunna komai, mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4 a kan batir.

Kowane abu mai jan wuta, wato fanka da bulowa mai hura sanyi cikin mota da kwamfireso da manyan fitilu, a ba shi rile, wato makunnin da ke ɗaukar babbar wuta, da fiyus nasa. A nan ne kuma za a ja wayar cajin waya, da rediyo, da fitilun zamani idan ana so.

Gargaɗi: kada ka yarda mai waya ya ɗaure fiyus da zaren waya ko takardar sigari. Da yawan motocin da suka ƙone daga nan wutar ta tashi.

8. Gwajin zama kafin fenti

Mutane da yawa suna yin fenti mai kyau, sannan mai esi ya zo da injin huda ya ɓata shi. Tun motar tana tsirara a kawo kayan sanyaya a gwada mazaunin kowanne: akwatin sanyi da bulowarsa a ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, kwandensa a gaba, diraya a gefenta. A huda duk ramukan da tiyo zai bi ta bangon da ya raba inji da mazauni, da ramin da ruwa zai riƙa ɗiga, a haɗa mazaunin kwamfireso, sannan a sake cire komai a ajiye.

9. Walda, fenti da rufe kafofi

A yanke ƙarfen da ya ruɓe a walda sabo. Ka bi jikin motar da ƙaramin maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, tsohuwar fila ce aka lafta da kauri, kuma sau da yawa rami ne a ƙarƙashinta. A goge zuwa ƙarfe, a fesa maganin tsatsa da firama, sannan fenti. A zafin Kebbi farin launi ko mai haske ya fi, musamman a rufin.

Gargaɗi: a sauke tankin mai a nesanta shi kafin a kunna wutar walda. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa.

Bayan fenti sai rufe kafofi, kuma wannan rabin aikin sanyi ne. A manna soso mai fuskar alminiyam a cikin rufi, da ƙasa, da bangon inji, da kan inda salansa ta bi. A sauya robobin ƙofa da na gilashi. Ka rufe ƙofa a kan takarda ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, ta nan sanyi zai fita, ta nan kuma ƙurar hunturu za ta shigo. Mai son baƙin gilashi ya tuna cewa yana buƙatar izinin 'yan sanda.

10. Haɗa na'urar sanyaya

Kayan su ne: kwamfireso, kwandensa, diraya, bawul ɗin feshi, akwatin sanyi da bulowa, tiyo, da makunnin matsi. Kwamfireso samfurin Sanden 508 shi ne aka fi amfani da shi a irin wannan aikin, domin mazauninsa yana da sauƙin haɗawa kuma kayansa suna samuwa. A zaɓi kwandensa ta zamani mai ƙananan bututu a jere, mafi girman da gaban motar zai ɗauka. Akwai kwamfireso mai aiki da batir kaɗai, amma wutar da yake ja ta fi ƙarfin irin waɗannan motoci, don haka na bel ya fi.

A fara da mazaunin kwamfireso. A yi shi da ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a jikin inji, ba a jikin bodi ba, domin inji yana girgiza a kan robobinsa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na kwamfireso a tabbatar suna kan layi ɗaya. Ɗan karkata kaɗan ya isa ya riƙa cinye bel. Idan an ɗaure, bel ɗin ya riƙa nutsawa kamar santimita ɗaya idan an danna tsakiyarsa da yatsa.

A kafa kwandensa da ɗan rata tsakaninta da lagireto, bakin shiga a sama, na fita a ƙasa. Hanyar gas ita ce: daga kwamfireso zuwa saman kwandensa da tiyo mai lamba 8 (lambar tana nuna kaurin tiyo ne), daga ƙasan kwandensa zuwa diraya sannan zuwa bawul ɗin feshi da mai lamba 6, daga akwatin sanyi a dawo kwamfireso da mai lamba 10, wanda shi ne mafi kauri. A nesanta tiyo da bututun hayaƙi, a sa roba a kowane ramin da ya ratsa. A yi amfani da korayen robobin hatimi, a shafa musu ɗigon man kwamfireso kafin a ɗaure, a riƙe da sifana biyu don kada alminiyam ya murɗe.

Gargaɗi: diraya ce ake ɗaurawa a ƙarshe, kuma ba a cire murfinta sai lokacin. Aikinta tsotse danshi, idan aka bar ta a buɗe ta sha iska ta gama aiki tun ba a fara ba. A jikinta akwai alamar bakin shiga, a bi ta.

Kada a tsallake makunnin matsi don rage kuɗi. Shi ne ke kashe kwamfireso idan gas ya zube ko matsi ya yi yawa. Motoci masu kafireto kuma suna buƙatar ɗan abin da zai ɗaga gudun inji idan esi ya kama, don kada ya mutu a cunkoson kasuwa.

Idan motar ta taɓa samun esi tun asali, to mai yiwuwa gas ɗin R12 ta yi amfani da shi, wanda aka daina saboda illarsa ga sararin samaniya. Mansa ba ya haɗuwa da R134a da ake amfani da shi yanzu. A wanke duk abin da za a sake amfani da shi, a zuba man kwamfireso irin PAG ko esta gwargwadon abin da takardar kwamfireso ta ce, bayan an duba ko ya zo da mansa a ciki.

11. Tsotse iska da zuba gas

A gwada yoyo da iskar naitirojin da ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Gargaɗi: kada a taɓa gwadawa da iskar oksijin ta masu walda, domin idan ta haɗu da mai tana fashewa.

Sannan a haɗa geji, wato ma'aunin matsin gas, da famfon tsotsa a bar shi yana aiki minti 30 zuwa 45. A rufe bawul a jira kwata ɗaya na awa. Idan allura ta motsa, akwai yoyo, a neme shi. Mai gyaran da ya ce zai kori iskar da gas kawai ba tare da famfo ba, kada ka yarda, domin danshin da ya rage yana daskarewa a bawul ɗin feshi ya kuma zama asid a ciki.

A zuba R134a da sikeli, daidai nauyin da takardar kayan ta nuna. Zuba fiye da ƙima yana rage sanyi ya kuma wahalar da kwamfireso. Ka nemi ganin kwalbar da idonka. Gas ɗin esin ɗaki ba na mota ba ne, gas ɗin girki kuwa yana kama wuta. A sa tabarau da safar hannu, kuma ba a buɗe bawul mai jan launi na geji idan inji yana aiki kwalba tana haɗe.

12. Gwaji da kulawa

A yi gwajin da tsakar rana, ba da safe ba. A bar motar tsaye inji yana aiki esi a kunne minti 20, ana kallon allurar zafi. A sa ma'aunin zafi a bakin iska. Idan ya sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, aiki ya yi. Tiyo mai kauri ya yi sanyi har ya yi raɓa, ruwa kuma ya riƙa ɗiga a ƙasa ba a kan ƙafar fasinja ba. Sannan a ɗora kaya a bodi a hau hanya, kamar daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a dawo. Idan sanyi yana zuwa a guje amma yana ɓacewa a tsaye, matsalar fanka ce ko iskar da ke ratsa kwandensa, ba ƙarancin gas ba.

Bayan mako ɗaya a sake ɗaure bel da notin mazaunin kwamfireso, domin sabon bel yana saki. A lokacin ƙura a riƙa wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi. Ka haska tocila ta bayanta, in hasken bai ratso ba ta toshe. Ko a cikin hunturu a riƙa kunna na'urar minti goma kowane mako, don mai ya zagaya ya jiƙa robobin hatimi kada su bushe su fara yoyo.